Kwalabe Huɗu

Shekara ashirin da bakwai ina haɗa turare a Shagon Goro,
ido rufe nake raba sandal na gaske da na ha'inci.
Mata kan aiko yara tun daga Mabera:
a ce wa Arzika ya zaɓa, mun yarda da wanga hanci.

Sai mura ta sauka, baƙuwar kwana uku,
ta kwance kaya, ta share wata tara.
Da za ta tafi ta ja ƙofa ta kulle.
Ran nan hawi na ci a kan garwashi,
ina kallon hayaƙi kamar kurma a gidan biki.
Ban gaya wa kowa ba.
Mai turare ba ya cewa ba ya jin ƙamshi.

Na koma sayarwa da tuni.
"Wanga ya fi," in ce, ina leƙen fuskar mai saye,
ina aron hancinsa kamar mai cin bashi.
Tumba ta kawo miya, na yaba.
Ta ajiye ludayi: "Ban sa daddawa ba yau,
kai da ko a mafarki kake gane rashinta."
Na haɗiye loma, na haɗiye mutunci.

A asibitin koyarwa wata likita, Rumasa'u,
sa'ar ɗiyata ta biyu,
ta zura min zare mai fitila a kai.
Na ga cikin kaina a allo:
lungu ja, jiƙaƙƙe, da wani tsiro fari-fari
ya tare hanya kamar akuya a bakin zaure.
Ashe akwai ɗakuna a bayan kunci da goshi,
ina yawo da gida guda ban taɓa share shi ba.
Ta ce dafaffen ruwa da gishiri, safe da dare,
da maganin feshi.
Tsiron ya motse, iska ta wuce.
Na samu numfashi, ban samu ƙamshi ba.

Sai ta ce, "Baba, muna wani bincike.
Jijiyar shaƙa kamar ciyawar bakin Rima take,
ko ta ƙone, wani sa'in tana tohowa.
Wasu na dawowa, wasu ba sa dawowa.
Ba alkawari nake ba, rubutu nake."
Ta miƙo kwalabe huɗu:
kanumfari, ɓawon lemu, citta,
ta huɗun wofi, wai in cika da abin da na fi kewa.
Na zuba humrar da inna ta koya min.
"Shaƙa, ka tuna. Kowace rana sau biyu."
Ni da na koyar da yara goma sha ɗaya,
na zama ɗan koyo, lamba arba'in da uku a littafinta.

Wata biyu, iska.
A na uku kanumfari ya zo da warin ƙonanniyar taya.
Na je da fushi, ita ko ta washe baki tana rubutawa:
"Saƙo ya fara isa, adireshin ne bai gane ba tukuna."
Na ce a raina, yarinyar nan ba ta san ɗaci ba.

Ranar wata Laraba, bazara na dafa gari,
na ratsa ta bayan majema
sai wani abu ya mare ni.
Ruɓaɓɓiyar fata, bagaruwa, kashin tattabara.
Warin da nake toshe wa hanci tun ina yaro.
Na tsaya cak, na buɗe ƙirji, ina zuƙa, ina zuƙa,
majema suka bar aiki suna kallon tsoho
na hawaye a bakin kwata.

Sandal bai dawo ba har yau.
Humrar inna na zuwa ta tsaya daga nesa,
kamar mai sallama da bai tabbatar da gidan ba.
Amma jiya tun daga zaure na ɗaga murya:
"Tumba, tuwonki ya kama!"
Ta fito da muciya a hannu,
ta dube ni, ta bar shi ya ci gaba da ƙonewa.