Jan Fayil

Ni ke buɗe ƙofar hawa na uku
kafin injin ɗumama ɗaki ya gama tari.
A waje dusar ƙanƙara ta binne Ohayo,
a ciki takardu sun binne tebur.
Shuɗin fayil na ɓarayin taya ne.
Ja kuwa na jini ne,
shi nake kai wa Ilona Vasko.

Litinin ɗin nan guda ya zo:
Orville Haskew, shekara sittin da ɗaya,
mai tsaron gidan mai a hanyar tafki.
Harsashi biyu. Dala tamanin da huɗu.
Shayinsa, in ji ɗan sanda,
bai gama hucewa ba.

An kama Dorian Tibbs,
yaron da gemunsa bai ko haɗe ba.
Gari ya riga ya yanke hukunci
a shagon aski da layin burodi.
Ilona ta cire tabarau, ta ce da ni:
"Abin da na sani daban,
abin da zan iya nunawa daban.
Sake kunna mini hoton kyamarar nan."

Sau goma sha ɗaya muka kalla.
Hula, kafaɗa, hannun hagu.
Fuskar kuwa sai ka ce an goge ta da tsumma.

Ran Alhamis aka tara 'yan gari
a ɗakin da ba taga, ba alƙali:
direban bas, malamar lissafi,
wani tsoho mai gyaran agogo.
Suka saurara, suka ɗaga hannu.
Akwai abin da zai amsa a kotu.

Sai ciniki.
Lauyan yaron ya shigo da karyayyiyar lema,
ya taya: sha biyu, zai amsa laifi.
Ilona ta ce albarka.
Sha biyar. Albarka.
Kafin aikin nan ban san ana taya rai da shekaru ba.
Amma shaidarmu ɗaya ce, ita ma tana rawa,
jiya jar mota, yau ruwan toka.
In aka shiga shari'a, ko a samu duka
ko a fito hannu Rabbana.

Bernadette Haskew ta zo da rigar aikinsa a leda,
sunansa ɗinke a ƙirji, ƙanshin fetur bai fita ba.
"Sha takwas," in ji Ilona.
Matar ta dubi yatsunta.
"Talatin da huɗu muka yi tare.
Wa ya yanka wannan farashin?"
Na zaci za ta buɗe littafin doka,
ga shi nan kusa da gwiwar hannunta.
Ta ce, "Ni ce."
Suka zauna shiru har injin ya sake tari.

A kotu minti tara aka yi.
Alƙali ya tambaya, yaron ya ce ya aikata,
muryarsa ta maƙale, aka sa ya maimaita.
Mahaifiyarsa na benci na biyu
da kayan aikin asibiti, daga kwanan aiki take.

Lif ɗaya ne a ginin nan.
Na ga sun shiga tare, ita da Bernadette,
kowa na kallon lambobi suna sauka.

Na buga hatimi. Tawadar ta yi rauni,
sai da na danna sau biyu.