Kwatance Ga Wanda Ba Ya Tambaya

A Gdansk, cikin Disamba, rana takan faɗi ƙarfe uku da rabi.
Bozena Kalinowska ba ta lura ba.
Tana hawa na huɗu, taga na kallon tashar jiragen ruwa,
shayinta ya huce tun tsakar rana.

Aikinta gwada ɗan aike marar jiki,
manhaja mai ƙirƙirarriyar basira.
An jera masa kayan aiki goma sha tara,
kowanne da ɗan bayani manne a goshi.
Iyakar saninsa ke nan.
Bai taɓa ganin teku ba.

Daren jiya ta aike shi sau ɗari biyu.
Sau talatin da bakwai ya dawo da abin da ba a aike shi ba.
Ludomir na teburin gefe ya ce, wawa ne kawai.
To, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ta buɗe na bakwai. An rubuta: "Yana soke ajiya."
Ta buɗe na sha ɗaya: "Yana cire ajiya."
Tagwaye, an ɗinka musu riga iri ɗaya.
An ce masa ya janye kwantena guda ta kifin gwangwani,
shi ko ya soke lodin jirgi sukutum.
Jirgin gwaji ne, ba wanda ya yi asara,
amma sai da ta riƙe baki.

Wani gurbi an ce "nauyi",
ba kilo, ba tan.
Wani an ce "rana",
ba a faɗi ko wata ne ke gaba ko kwanan wata ba.
Sai ya yi canke. Ya ci rabi, ya faɗi rabi.

Ludomir ne ya rubuta su, shekara biyu da suka wuce,
wata Juma'a yana sauri kada jirgin Sopot ya bar shi.
Shi ya san abin da yake nufi.
Ciwon ke nan.

Ta hau tarago zuwa gida, dusar ƙanƙara na narkewa a takalmi.
Ta tarar da mahaifinta, Zygmunt, tsaye a kicin.
Shekara talatin yana tsaron ɗakin kayan aiki a masana'antar jirage,
kowace sifana ya san akwatinta ko da ido a rufe.
Yanzu kwalba biyu ce a hannunsa,
yana duban takardar da ta manna a firji:
"Ka sha magani da safe."
Dare ya yi. Bai sha ko ɗaya ba.
Bai kira ta ba. Kunya.

An ce matambayi ba ya ɓata.
Wanda ba ya tambaya fa?

Ta yage takardar, ta ɗauko biro.
"Farar ƙwaya, guda ɗaya,
daga kwalba mai jan murfi,
bayan ka ci burodi.
Shuɗiyar sai dare, ni zan ba ka.
In ka yi shakka kada ka sha, kira ni.
Ga lambar a ƙasa."
Ya karanta a hankali, leɓe na motsi.
Ya ce, ai da haka kika ce.

Washegari ta riga kowa zuwa ofis.
Kalma uku ta mayar da su arba'in:
abin da yake yi, abin da ba ya yi,
yaushe za a bar shi a ɗauki ɗan'uwansa,
da cewa in an soke, ba ya dawowa.
Ta rubuta kilo. Ta sa misalin kwanan wata.

Ta sake aikensa sau ɗari biyu.
Kuskure huɗu.
Uku ta gane musu.
Na huɗun tana nan tana kallonsa,
rana kuma ta sake faɗuwa ba ta lura ba.