Daren Asabar a Sabon Gari

An kawo wuta tara saura,
ihun yara ya tashi daga layinmu har Yankura.
Na ture dutsen guga na gawayi, na jona na lantarki,
zanen zumunta na shimfiɗe kan tabarma.
Gobe Lahadi, mu mata ke da waƙa bayan baiko.

Jikana Zakka ya kunna talabijin.
Wai labaran nishaɗi.
Wata mai farce kamar na shaho
tana lissafa wanda ya sayi mota, wanda ya saki mata,
wadda ta sa rigar da ta fi rufin cocinmu tsada.
Na ce rage murya, ina bitar baiti.

Sai ga Afiniki.

Ba da sunan suka kira ta ba,
sun yanka mata wani, gajere, mai santsi,
wanda harshen uwarta zai zame a kai.
Amma goshin na gidan Irmiya ne,
wushiryar kuwa na san ta tun tana giɓi.
Ita ke ɗauko mini tulun kiɗa daga bayan bagade,
ta rungumo shi kamar jinjiri.
Ranar da ya suɓuce ya fashe
ta yi kuka har da majina.
Na ce bari, tulu ƙasa ne, mu ma haka.

An ce ta ci kyauta a Legas.
Ga ta tana ɗaga wani ƙarfe mai ruwan zinariya,
fitilu na mata wanka.
Suka saki waƙar, ko minti ba ta kai ba.
Na kasa kunne ina jiran sunan Ubangiji,
bai zo ba, ko sau ɗaya.
Amma kafin ta hau can sama
ta sauke kafaɗa, ta ja iska ta hanci,
ta ɗan lumshe idon hagu.
Wannan nawa ne.
Da tafin hannuna a cikinta na koya mata,
wata Laraba ana ruwa, kwano na yoyo kan benci.

Waya ta fara kuka.
Maman Tabita: kin gani? Kin ga tsagar siket ɗin?
Dattijo Filibus: sai an kai maganar majalisa.
Kowa ya sami baki yau.
Ina bakunan suke shekarar da aka koro ta
kan kuɗin jarrabawa, dubu tara,
ta zauna a matakalar coci tana wasa da igiyar takalmi?
Ni ma na wuce ta.
A makon na biya kuɗin anko,
wannan zanen da nake gogewa.

Mai farcen ta miƙa mata makirfo:
a ina kika koyi waƙa?
Afiniki ta yi dariya, ta taɓa wuyanta,
akwai siririyar sarƙa, ban ga abin da ke ƙarshenta ba,
ko gicciye ne, ko harafi.
Ta buɗe baki,

aka ɗauke wuta.

Janareton maƙwabta ya yi tari sau uku ya ƙi.
Zakka ya yi tsaki, na ce kul.
Sai na ji ƙauri.
Dutsen ya bar hatiminsa daidai kan rubutun zanen,
ya cinye rabin ayar.

Ya Ubangiji, Kai da ka ba tsuntsun kasuwa murya
kamar yadda ka ba na daji,
ban san me za ta ce ba, Kai ka sani.
Ka tsare ta daga masu tafi,
ka tsare ta daga mu.

Gobe zan ɗaura zanen da ƙunarsa.
In sun tambaya zan faɗa.
Zan kuma matsa kaɗan a benci,
gefen taga, inda ba ya yoyo yanzu.