Gaba Nawa?

Baba ya ce in zauna,
in ɗauko labari tun daga tashar Tawa.
Na sauke kaya gindin bedi,
takalmana sun wage baki kamar za su riga ni magana.

Shekara arba'in yana haƙar rijiya a ƙasar Adar,
daga Bilbis har ƙauyukan da mota ba ta sani ba.
Shi aikinsa sauka, kuma a biya shi.
Ni tumaki biyu na sayar,
na haɗa da kuɗin adashi,
don a hau da ni.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Mu bakwai ne, Baba, ban da jagora.
Agali sunansa,
siriri kamar tsinken tsire, ba ya waiwaye.
Jakuna uku da tantuna da jarkoki.
Ranar farko bakina bai huta ba.
Ta biyu ya ce, ɗan Tawa, rage taki,
dutse ba kasuwa ba ne, ba ya watsewa.
Ya sa ni bayan tsohuwar jaka mai yagaggen kunne:
inda ta sa ƙafa, sa taka.
Kwana biyu ita ce malamata.

Da dare gurasa a binne cikin toka,
a tono ta, a karkaɗe, a ci da yashinta.
Shayi kofi uku, sannan tanti.
Sanyi ya shigo ta ɗinki ya kwanta tsakaninmu,
da asuba ruwan buta ya ƙi zuba.

Nomau, malamin lakwal,
gwiwa ta ci amanarsa rana ta uku.
Bai yi kuka ba.
Ya tuɓe safarsa ya miƙo mini,
ya ce kai su, su dai su gani.

Rana ta huɗu mun tashi tun taurari ba su kwashe ba,
tocila a baki, hannu ya koma ƙafa.
In ja numfashi, ya zo rabi,
kamar guga mai huji.

Nan Baba ya ɗaga hannu.
Ya ce haka take a ƙasa.
In ka wuce gaba talatin iska takan yi rowa,
fitila ta yi ja, kunne ya yi ƙara.
Ci gaba.

Sai Agali ya zauna ya ce, an zo.
Shi ke nan.
Tarin duwatsu, gwangwanin kifi mai tsatsa,
iska tana fizgar rawani.
Na juya ina neman Tawa, ban gan ta ba.
Na zauna da safar wani a ƙafata,
ban san lokacin da hawaye suka zo ba.
Ko rabin awa ba mu yi ba aka ce a sauka.

Akwai ruwa?
Babu, Baba.
Gaba nawa ne?
Da mita suke faɗi, na manta.

Na ciro ɗan dutsen da na ɓoye a aljihu.
Ya juya shi, ya sansana,
ya taɓa da harshe yadda yake wa ƙasar rijiya,
ya auna a tafin da igiya ta cinye wa zane.

Ya ce sama fa, ina faɗinta a can?
Na ce ba ta da baki.
Ya ce tawa kamar faifai take,
wani lokaci kamar murfin kwalba,
kuma ta ishe ni fitowa.

Ya tura dutsen ƙarƙashin tabarma,
wajen da yake ajiye goro.
Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya:
in mai hawan dutse ya huta,
famfo ya kawo, randa ba kowa.