Garin da Barikisu Ta Sauka

Sunan garin ya ƙi zama a bakina.
Sau uku tana faɗa a waya, sau uku yana sulɓewa
kamar sabulu a bakin rijiya.
Na ce bar shi, ba ni labari.

Ta ce mutum dubu biyu ne da ɗari uku.
Na yi dariya har allura ta soke ni.
Ai ko layinmu na Aboabo, ranar suna,
sai ya fi haka kawuna.

Kogi ɗaya, gada ɗaya,
masara har inda ido ya gaji.
Jirgin ƙasa ya daina tsayawa tun ba a haife ta ba,
amma tashar na nan, duk bazara sai an shafa mata fenti.

Magajin garin, wai shi ne mai gyaran famfo.
Daren Talata ya wanke hannu,
ya zauna da mutum huɗu a ɗakin karatu,
su kwashe awa biyu kan fitilar titi guda da ta mutu.
Wata tsohuwa ta miƙe ta wanke shi tas,
ya rubuta, ya ce mata an gode.

Na leƙa taga.
Kwatarmu ta cika tun azumi.
Mun kai kuka gun ɗan majalisa,
ya ce a bari damina ta wuce.

A bakin gadar akwai allon ƙarfe, in ji ta:
wane ya zo shekara kaza da keken doki,
ya kafa injin niƙa, gobara ta ci, ya sake kafawa.
Na ce, waɗanda ya tarar fa?
Ta yi shiru.
Ta ce sunansu kawai ya rage, Baba, yana kan kogin,
garin ma a wurin kogin ya ara.

Sai ta ce lokacin aiki ya yi.
Can rana tsaka, nan ana haramar magariba.

Mu ba mu da allo.
Kakana ya gangaro Kumasi ta Salaga, bin goro,
aka nuna masa fili a bayan gari.
Ni da Malam Gariba kaɗai muka san wannan,
shi kuma ya fara kirana da sunan mahaifina.

Na ture keken ɗinki, na ɗauki alli,
na rubuta a jikin ƙofar shago:
Ɗantani, ya zo da jaki biyu.
Shekarar ban san ta ba,
na bar mata gurbi.