Gurbin da Ban Cike Ba

A shagon Sahabi mai na'ura, bakin tashar Aliero,
na biya kuɗin fom, na zauna bisa bencin da aka tokare da bulo.
Na ba da sunana, na ba da na garinmu,
sai ga wani gurbi fari fat ya zuba mini ido:
me kake son karantawa?
Na ce, "Ajiye mini, sai jibi."
Sahabi ya ce, "Kai ne na tara yau mai jibi."

Kawu Labbo ya iso daga Kamba cikin kakin kwastan,
ya bar mota tana huci ƙofar gida.
Ya ce, "Kaki itace ne da ba ya kaɗe ganye."
Na dubi takalminsa yana ɗaukar ido,
na dubi idonsa, ja wur, na mai kwana bakin iyaka.
Na kawo masa ruwa, na yi shiru.

Inna ta ce likita.
Tun ina goye take cewa likita.
Ba ta san ranar sunan gidan Arzika,
da wuƙa ta sauka wuyan rago,
bayan rumbu na zagaya na amayar da kunun safe ba.

Malam Cindo ya tsare ni bayan an tashi,
ya zana gada a allo, ya ɗora mata lambobi,
ya ce, "Kanka na ɗaukar wannan."
Na tambaye shi ko ya taɓa son gina ta da kansa.
Ya goge allon a hankali,
har inda babu rubutu ya goge.

Sai na ce bari in bi gari, in daina sauraron baki, in kalli hannu.
Hannun Nomau mai walda duk tabon tartsatsi,
amma ƙofar da ya ƙera ta girmi aurensa.
Lauratu ta ɗakin gwaji na leƙa ɗigon jini a madubi,
ta san ciwon mutum kafin a gaya wa mai shi.
Yaron da ke hawa rufi yana kama rana da faifai
ya ce kwano na ƙona gwiwa, kuɗin kuwa ba laifi.

Da la'asar na tarar da kakana a zaure,
an kawo wani ɗan acaɓa da ƙafa a karye,
da baƙin hoton ƙashi daga Birnin Kebbi.
Tsoho ya ɗaga shi ga rana, a juye,
ya yi dariya: "Ni hannuna ka gani."
Na karɓa, na daidaita, na nuna tsagar da yatsa
tun bai taɓa ƙafar ba.
Ya daɗe yana kallona.
"Mi kaka biɗa, yaro, suna ko aiki?"
Ya miƙo mini karan ɗori in riƙe.

Baba shi kaɗai bai ce komai ba.
Yana rumbun albasa yana tsintar ruɓaɓɓu,
buhu uku ya zubar tun safe, guminsa na rani duka.
Na durƙusa muna tsinta tare.
Can, ba tare da ya ɗago ba:
"Cikin karatun nan naku,
akwai wanda ke hana albasa ruɓewa?"
Na ce akwai.
Ya ce, "To." Ya ci gaba da tsinta.

Jibi ta yi. Injin Sahabi ya tashi a ja na huɗu.
Gurbin na nan, yana ƙifta mini ido.
Na kai hannu ga hanci:
dama na warin albasa,
hagu na ƙamshin man ɗori.
Sahabi ya ce, "Akwai mutane bayanka."
Na ce na sani.
Na jawo bencin kusa.