Awon Ƙugu

Ni tela ne a Jega, bayan tasha,
shekara goma sha tara ina auna mutane.
Igiyar awo ba ta san kara ba,
abin da ta gani shi take faɗi.

Na san ƙugun Makau tun yana talatin da biyu,
zamanin da yake saɓa buhun albasa shi kaɗai.
Da ya samu kujera gaban sikeli
sai tumbi ya fara riga shi shiga shago.
Arba'in da huɗu, na ce, na rubuta a bango da alli.
Ya ce, goge, kada yara su karanta.

Abin da ba na rubutawa a bango, huka.
Tun yana ƙarami ƙirjinsa ke kuka
kamar an manta ɗan tsako a ciki.
Duk rigar da na ɗinka masa
sai na zurfafa aljihun hagu
don shuɗiyar robar da yake shaƙa.

Ran kasuwa wata mota mai lasifika
ta tsaya kusa da 'yan kifi.
Mai ƙona kitse! Kana barci yana aiki!
Ganye ne zalla!
Kwalba da rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi,
ba wanda ya karanta, har mai sayarwa.
Makau ya ba da kuɗin yadi biyar.

Kwana tara ya dawo yana dariya.
Tuwo ya fita ransa, barci ya yi ƙaura,
gumi har cikin hula.
Na zagaya igiya. Inci ɗaya ya tafi.
Amma da ya riƙe mini bakin yadi
yadin yana rawa,
kuma ta cikin riga na ji zuciyarsa
kamar keken ɗinki da yaro ya samu ba kowa.

Na ji. Ban ce komai ba.
Na ce, madalla.
Wannan zaren ni na sa shi, ni zan warware.

Daren da aka ƙona buntun shinkafa a unguwarsu
hayaƙi ya bi shi har gado.
Ya shaƙi robar, ya ƙara, ya ƙara,
iska na shiga da kaɗan-kaɗan kamar biyan bashi,
zuciya kuwa ta tsinke da gudu.
Ɗansa Nazifi ya buga mini ƙofa da dutse.
Mu uku kan babur ɗaya,
kan Makau a kafaɗata, yana busa a kunnena,
ina ƙirga ramukan hanya don kada in ƙirga numfashi.

Da gari ya waye, Laraba mai jinya, 'yar Zuru,
ta ɗaga kwalbar ga hasken taga.
Ta ce, jaki ɗaya ke gare ka, shi ne zuciya.
Abin shaƙarka yana ɗan zungurinsa,
mun san gwargwado, kuma ba ka rabuwa da shi.
Wannan kuwa bulala ce
da ba mu san wanda ya yanko ta ba.
Makau ya ce da muryar da ta rage, ai ganye ne.
Ta ce, zaƙami ma ganye ne.
Da ka kawo mun duba kafin ka haɗiya.

Yanzu da la'asar muna takawa bakin gulbi,
a hankali, robar na aljihun hagu.
In ya tsaya, in yi kamar takalmina ne ya kwance.

Wandon da na rage masa ya dawo da shi.
Na farke, na saki inci ɗayan nan,
har na ƙara rabi.
Yadi ana ƙaro shi a kasuwa.

Kwalbar tana kan tebur ɗina,
na zubar da abin ciki, na cika ta da maɓallai.
Bangon kuma na goge.